Sharl da Fuko, mai gina majami'un laka a Sahara

Idan mutum ya tashi daga Dakwaro ya nufi arewa, ya wuce Agadas, ya wuce Arlit, ya ƙetare iyaka a Asamaka, to ya shiga ƙasar Aljeriya. In ya ƙara tafiya cikin rairayi da duwatsu, zai isa wani babban gari da ake kira Tamanrasat. Da yawanku kun taɓa jin sunansa, don akwai mutanen ƙasarmu da ke zuwa can neman aiki ko fatauci. Yau gari ne mai motoci da filin jirgin sama. Amma a shekara ta 1905 ba kome a wurin sai bukkoki kamar 20 a bakin wani kwari, da ƴan gonaki. A cikin wannan shekara ce wani Bature ya sauka can, ramamme, sanye da farar riga mai jar zuciya da gicciye a ƙirji. Sunansa Sharl da Fuko. Da faransanci ana rubuta shi Charles de Foucauld. Limamin Kirista ne, na ɗarikar Katolika.

Mutumin nan ya yi gini huɗu a cikin Sahara, kuma duk suna nan tsaye. Uku na farko ɗakunan addu'a ne, ƙanana, ƙofarsu a buɗe ga kowa. Na huɗu kuwa ganuwa gare shi, da bindigogi a ciki. A bakin ƙofar wannan na huɗun aka kashe shi. Bari mu bi labarin tun daga farko, mu ga yadda aka yi haka.

Yaron da aka sangarta

An haifi Sharl ranar 15 ga Satumba 1858 a Istirasbur, wani birni na gabashin Faransa. Gidansu babban gida ne tun kaka da kakanni, masu dukiya. A 1864, tun bai cika shekara 6 ba, uwarsa ta rasu. Bayan wata 5 ubansa ya bi ta. Sai kakansa na wajen uwa, wani tsohon kanar na soja, ya ɗauke shi tare da ƙanwarsa Mari. Tsohon nan yana son jikansa ƙwarai, har ba ya iya tsawata masa. A 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamus, Jamusawa suka ci Istirasbur, iyalin suka koma garin Nansi.

Sharl yaro ne mai kai, amma rago. Yana da shekara 15 ko 16 ya daina addu'a, ya bar addini gaba ɗaya. A 1876 ya shiga makarantar hafsoshin soja ta San Sir. A 1878 kakan ya rasu, ya bar masa gado mai yawa. Daga nan fa sai cin daɗi: abinci mai tsada, giya, caca, biki kullum dare. Ya yi ƙiba har abokansa suna yi masa ba'a. Da ya gama makarantar sojan doki ta Somur, su 87 ne a ajin, shi ne ya zo na 87.

A 1880 aka tura shi Aljeriya, wadda ke hannun Faransa a lokacin. Ba a daɗe ba aka dakatar da shi saboda rashin ɗa'a. Da ya ji abokansa sun tafi yaƙi, sai ya roƙa aka mayar da shi, aka tura shi yaƙi da Shehu Bu'amama a kudancin Oran. A can ne aka ga wani Sharl dabam, mai jure ƙishirwa da tafiya, mai kula da sojan da ke ƙarƙashinsa. A 1882 ya ajiye kakin soja da kansa.

Tafiyar Maroko

A zamanin nan ƙasar Maroko ba ta yarda Turawa su shiga cikinta ba, ban da ƴan garuruwa na bakin teku. Sharl ya ƙudura sai ya gan ta. Ya koyi larabci, ya sa tufafin Yahudawa, ya ɗauki wani malamin Yahudawa mai suna Mardoshe ya zama jagoransa. Suka tashi a watan Yuni 1883, ba su fito ba sai Mayu 1884. Sun yi tafiyar kilomita kusan 3000. Yana riƙe da ɗan littafi ƙarami wanda ke ɓuya cikin tafin hannu, da guntun fensiri. Yana tafe yana rubuta duwatsu, da koguna, da nisan zango. Da dare, in kowa ya yi barci, sai ya kwafe. Hannunsa ya iya zane sosai, ya zana tsaunuka da garuruwa masu yawa. Ku riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da hannun nan.

Da ya koma gida, ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris ta ba shi lambar zinariya a 1885, littafinsa kuma ya fito a 1888. Gaskiya ita ce, taswirorinsa sun yi wa sojan Faransa amfani daga baya, sa'ad da suka shiga Maroko.

Amma akwai wani abin da ya gani a can wanda ba ya shiga taswira. Ya ga Musulmi, matafiya da makiyaya, in lokacin salla ya yi sai su tsaya, su fuskanci alƙibla, su sa goshi a ƙasa, ko da a tsakiyar daji ne. Shi da ya yi shekaru ba ya addu'a, abin ya tsaya masa a rai. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa ganin imanin Musulmi ne ya fara girgiza shi. Har ya yi tunanin musulunta. A ƙarshe dai addinin iyayensa ya koma. A ƙarshen Oktoba 1886 ya shiga majami'ar San Ogustan a Paris, ya sami wani limami mai suna Huvelin, wanda ƴar'uwarsa Mari da Bondi ta sani, ya tuba a gabansa.

Yadda majami'a take

A nan sai mu ɗan tsaya, don yawancinku ba ku taɓa shiga majami'ar Katolika ba. Galibi dogon ɗaki ne, da kujeru a jere. Can ƙarshensa akwai wani tebur da ake kira bagade. A kansa limami ke yin babbar addu'arsu, wadda ake ce wa mes da faransanci, da gurasa da ruwan inabi. Sama da bagaden akwai gicciye, domin a imanin Kirista a kan gicciye Annabi Isa ya mutu. Su suna kiransa Yesu. A masallaci, kun sani, ba a zana mutum. Ado sai na rubutu da zayyana. Katolika kuwa suna sa hotuna da mutum-mutumi a majami'a, su ce ta haka wanda bai iya karatu ba zai ga labarin da idonsa. Ana kiran jama'a da ƙararrawa. Kowace majami'a tana da yankinta da jama'arta da limaminta. Yankin nan shi ne paruwas da faransanci. In an tara yankuna da yawa, sai a sa babban limami ɗaya a kansu.

Majami'ar San Ogustan, inda Sharl ya tuba, ƙatuwa ce. Wani magini mai suna Baltar ya tsara ta, aka gina ta daga 1860 zuwa 1871. Ƙashin ginin na ƙarfe ne, aka lulluɓe shi da dutse. Ƙubbarta ta kai wajen mita 80 a sama. Daga irin wannan gini Sharl ya fito. Ku dubi inda ya nufa.

Ya bar wa ƙanwarsa dukiyarsa, a Janairu 1890 ya shiga gidan wasu masu ibada da ake kira Tarapis, waɗanda ba su aure, ba su yawan magana, aikinsu addu'a da noma. Suka tura shi wani gidansu na talauci a Akbes, cikin ƙasar Sham. Wata rana aka aike shi gidan wani lebura da ya rasu. Ya ga gidan ya fi nasu talauci nesa ba kusa ba, abin ya dame shi. A 1897 ya bar su ya tafi Nazarat, garin da Annabi Isa ya girma. Shekara 3 yana yi wa wasu mata masu ibada barantaka, yana shara, yana zuwa aike, yana kwana cikin wata rumfar katako a lambunsu. In ya sami sarari sai ya zana musu ƙananan hotunan addini. Ranar 9 ga Yuni 1901 aka naɗa shi limami a garin Bibiye, a Faransa, yana da shekara 42.

Gini na farko: Beni Abbas

Ya roƙi a bar shi ya tafi inda babu wani limami. Ranar 28 ga Oktoba 1901 ya isa Beni Abbas, wani gari mai dabino a yammacin Aljeriya, kusa da iyakar Maroko. Akwai barikin sojan Faransa a wurin. Ya sami fili a wajen gari, sojoji suka taya shi aiki.

Wanda ya taɓa ganin ana ginin soro a Dakwaro ko Kornaka ba zai ga baƙon abu a wannan gini ba. An kwaɓa laka, an yi tubali, an shanya a rana, an ɗora. Mu a nan da giginya ake yin azara. Su can ba giginya, sai dabino, don haka kututturan dabino aka jera a sama, aka shimfiɗa ganye, aka zuba laka. Da yake icen dabino ba ya da ƙarfin ɗaukar rufi mai faɗi, sai aka kafa wasu kututtura a tsaye suka zama ginshiƙai. Ba siminti, ba daɓe. Rairayi aka zuba a ƙasa. Tagogi ƴan ƙanana ne, saboda zafi da ƙura. Bayan ɗakin addu'a ya ƙara ƴan ɗakuna na baƙi da marasa lafiya. Katanga fa? Bai yi ba. Duwatsu ƙanana ya jera a ƙasa suka kewaye filin. Shi ba ya ƙetare su sai da dalili, amma kowa na iya ƙetarowa ya same shi.

Ba ya da kuɗin sayo hotuna daga Turai, sai ya koma ga hannunsa. A bayan bagade ya rataya wani babban ƙyalle, ya zana Yesu a tsaye, hannuwansa biyu a buɗe kamar mai tarbar baƙo, zuciyarsa a bayyane a ƙirji. A jikin bango kuma ya jera ƴan alluna 14. Kowace majami'ar Katolika tana da irinsu: suna nuna zango 14 na hanyar da, a imaninsu, Yesu ya bi ɗauke da gicciye. A manyan majami'u da dutse ko tagulla ake yinsu. Nasa kuwa a kan guntayen katako ya zana su. Zanen ba na gwanin gwanaye ba ne, amma mai tsabta ne, layi ɗaya ba ya karkata. Hannun da ya zana tsaunukan Maroko a ɓoye shi ne ya yi su. A ganina, a duk gine-ginensa wannan ya fi kyau, don laka da dabino da rairayi duk na wurin ne, ba abin da ya yi kama da aro.

Gidan ya sa masa suna Hawa, daga kalmar larabci ta ƴan'uwantaka. Wata rana mutum 60 ko fiye za su zo: matafiya, mabarata, sojoji, bayi. Maganar bayin nan ta hana shi barci. Faransa ta ce ta hana bauta tun 1848, amma a Sahara hafsoshinta sun kau da kai, don kada su ɓata da iyayengijin bayi. Sharl ya yi ta rubuta wa shugabansa, babban limami Geran, wasiƙu masu zafi, yana cewa shiru a kan wannan zalunci laifi ne. Aka ce masa ya yi haƙuri. Da ɗan abin da danginsa ke aiko masa ya fanshi bayi kaɗan. Ɗaya daga cikinsu, wani saurayi da ake kira Pol Embarek, ya bi shi har Tamanrasat.

Abu biyu ya sa rai da su a Beni Abbas, bai samu ba. Ya so wasu su zo su zauna tare da shi cikin irin wannan rayuwa. Ba wanda ya iya. Ya so ya shiga Maroko. Hanya ba ta buɗe ba.

Gini na biyu da na uku: ƙasar Abzinawa

Yana da wani tsohon aboki tun zamanin soja, kwamandan Laperin, wanda ke mulkin yankunan Sahara. Shi ya ja shi kudu, zuwa duwatsun Ahaggar, ƙasar Abzinawa. A watan Agusta 1905 ya sauka Tamanrasat, da yardar sarkinsu, Musa ag Amastan. Da farko bukka ya yi. Daga baya ya gina ɗaki na dutse da laka, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 1 da santimita 75. In kun fita hutu, ku auna wannan a ƙasa da sanda, ku shiga ciki ku gani. Cikin wannan ɗan wuri ya raba biyu: gefe ɗaya bagade, gefe ɗaya wurin kwana da tebur da littattafai. Daga baya ya ƙara masa tsawo, faɗin kuwa yana nan yadda yake, don babu dogon ice a ƙasar da zai yi azara. Ginin ya zama siriri dogo, har Turawa suka riƙa kiransa da sunan wani irin jirgin ruwa, Firegat.

Majami'a ce wadda ba ta da jama'a. Duk ƙasar ba Kirista ko ɗaya sai shi. Dokar Katolika ta lokacin ta hana limami yin mes shi kaɗai, sai da mai taya shi. Da Pol ya tafi a 1906, sai ya zauna watanni ba ya yi, sai in wani baƙo ya ratso. Sai a ƙarshen Janairu 1908 izini ya zo masa daga Paparoma.

A wannan lokaci an yi fari mai tsanani. Ya rabar da hatsin da ya ajiye, ya ci gaba da aiki ba abinci sosai, har ciwo ya kayar da shi a farkon 1908. Ya ɗauka mutuwa ce. Abzinawa, waɗanda su ma yunwa ke ci, suka bi bukka bukka suna neman awakin da suka rage da ɗan nono, suka kawo masa har ya tashi. Ya zo da niyyar shi ne mai bayarwa, ga shi Musulmi matalauta sun cece shi. Waɗanda suka yi nazarin wasiƙunsa sun ce daga nan zamansa da mutane ya sake. Ya rage ɗoki a kan su bar addininsu. Har ya mutu bai mayar da Ba'abzine ko ɗaya Kirista ba. Suna zuwa wurinsa neman magani, da allura, da shawara. Ya koya wa mata saƙa da zare. Suna kiransa marabu, wato malami.

Babban aikinsa kuwa, wanda ya ci masa shekara 11, shi ne harshe. Abzinawan Ahaggar suna kiran harshensu Tamahak. Ƴan'uwansu na Ayar da Azawak, irin waɗanda kuke gani a kasuwar Dakwaro, su ce Tamajak. Suna da baƙaƙensu na tun da, tifinag. Sharl ya zauna da mutane yana tambaya, kalma ɗaya ɗaya: sunan kowane irin raƙumi, kowace ciyawa, kowane tauraro, kowane sashe na sirdi. Wanda ya fi taimakonsa shi ne Ba Hammu, magatakardan sarki. Yana zama da mata, cikinsu har da Dasin, shahararriyar mawaƙiya mai kaɗa gogen da suke kira imzad. Ya rubuta waƙoƙi 575, baiti sama da 5000, ya juya su da faransanci. Ƙamus ɗinsa ya kai shafi 2028, duk da hannu, da ƴan zane-zane a gefe. Ku da kuke koyon karatu da harshen gida, kun san wahalar rubuta sautin da babu shi a faransanci. 

A 1911 ya hau wani tsauni da ake kira Asakrem, mai tsayin sama da mita 2700, inda aka gina masa ɗaki na baƙin dutse. Ya yi zaton makiyaya za su riƙa taruwa a gindin tsaunin. Ya zauna daga Yuli zuwa Disamba, sanyi da ƙarancin abinci suka koro shi. Wannan shi ne gini na uku.

Gini na huɗu

Kada mu ɓoye wani abu. Sharl bai taɓa daina zama Bafaranshe kuma tsohon hafsa ba. Ya yarda cewa mulkin Faransa alheri ne ga Sahara. Yana faɗa da zaluncin wasu sojoji, yana gargaɗin cewa in ba a yi adalci ba wata rana za a kore su. Amma kuma yana rubuta wa hafsoshi labarin abin da ke gudana a ƙasar, wa ke tare da su, wa ke gaba da su, yana ba su shawara, wani lokaci mai tsanani. Ga Ba'abzinen da ya ƙi mulkin Nasara, wannan marabu idon sojoji ne.

A 1914 babban yaƙin duniya ya tashi. Mutanen ɗarikar Sanusiyya na Libiya suka ɗaga tutar jihadi. A Maris 1916 suka ƙwace barikin Janet daga hannun Faransa. A wajenmu ma, Firhun, sarkin Iwillimmidan, ya tayar a wannan shekara. Barikin da ya fi kusa da Tamanrasat yana da nisan kilomita 50. Aka ce wa Sharl ya koma can, ya ƙi, don ba ya so ya bar manoman garin. Sai ya tsara wani gini inda za su fake in mahara sun zo.

Shi ma da tubalin laka aka yi shi, amma ba ya kama da na Beni Abbas. Murabba'i ne, kowane gefe kamar mita 15, bango mai kauri, tsayinsa wajen mita 5, ba taga ko ɗaya ta waje. Ƙofa ɗaya ce, gajeruwa, sai mutum ya sunkuya. A tsakar gidan akwai rijiya, a gefe ɗakin addu'a, da ɗakin hatsi. Sojoji kuma suka ajiye bindigogi da harsasai a ciki. Mutumin da ya kewaye gidansa na farko da tsakuwa, yanzu ga shi a bayan ganuwa. Ya tare a ciki a watan Yuni 1916. Ranar 28 ga Nuwamba ya rubuta cewa ya gama aikin waƙoƙin Abzinawa.

Bayan kwana 3, ranar Juma'a 1 ga Disamba 1916, da magariba, mahara suka kewaye gidan a ɓoye. Suna tare da wani mutum mai suna Madani, wanda Sharl ya sani. Shi ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce wasiƙu ne suka zo. Sharl ya buɗe, ya miƙa hannu, suka fizgo shi waje, suka ɗaure masa hannuwa ta baya, suka durƙusar da shi a gindin bango. Suka sa wani yaro ɗan shekara 15, Sarmi ag Tora, ya tsare shi da bindiga, sauran suka shiga kwasar kaya. Ga alama so suke su tafi da shi a raye, su yi garkuwa da shi. Ana cikin haka sai ga sojoji biyu a kan raƙuma sun doso. Harbi ya tashi. Yaron ya firgita, ya harbe shi a kai. Sojojin nan biyu ma aka kashe su, da wani na uku da ya iso da safe. Dukansu Musulmi ne. Pol Embarek, wanda ya riga ya dawo garin, yana wurin, shi ya kai labari bariki. Mutanen gari suka binne su kusa da ganuwar. Sharl yana da shekara 58.

Mako biyu bayan haka, Kawsan ya kewaye barikin Faransa a Agadas, tare da Sarkin Ayar Tagama. Sai a Maris 1917 Turawa suka karɓe garin, suka yi ramuwa mai muni, suka kashe mutane da yawa har da malamai. Mutuwar Sharl ɗaya ce cikin dubban mutuwar wannan zamani.

Abin da ya biyo baya

Ya mutu ba almajiri ko ɗaya. A 1921 wani marubuci, Rene Bazan, ya buga tarihinsa, mutane da yawa suka karanta. A 1929 aka ɗauke gawarsa zuwa garin El Goleya. A 1933 wasu samari suka kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu a Aljeriya, a 1939 kuma wata mace, Madalen Hutan, ta kafa ta mata. Suna zama cikin talakawa, suna aikin hannu, ɗakin addu'arsu ƙarami, da tabarma a ƙasa. Wasu daga cikinsu sun zo Nijar sun zauna da makiyaya.

Shi kansa Sharl ba a nan ya yi aiki ba. Lokacin da ya mutu babu majami'ar Katolika a ƙasarmu. Sai a 1931 wani limami, Faransuwa Faru, ya kafa ta farko a Yamai. A 1961 aka naɗa Ipolit Berliye babban limamin Nijar na farko. A 2001 aka raba ƙasar biyu: jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa suka zama yanki ɗaya, aka naɗa Amburuwaz Wedarawogo a kansa, da mazauni a Maraɗi. Dakwaro cikin wannan yanki take. Kiristan Nijar kaɗan ne ƙwarai cikin Musulmi, kamar yadda shi ya zauna a Ahaggar, shi ya sa Katolikan nan suke yawan ambatonsa.

Ranar 15 ga Mayu 2022 Paparoma Faransis ya sa shi cikin waliyyan Katolika. Wasu sun yi murna. Wasu masana tarihi, na Aljeriya da na Faransa, sun ce bai kamata a manta da hannunsa cikin mulkin mallaka ba, kuma suna da hujja. Babban ƙamus ɗin kuwa sai a 1951 da 1952 aka buga shi, littafi 4. Ba a sake tsara shi da baƙaƙen inji ba. Hoton shafukan aka ɗauka yadda ya rubuta su, don rubutun a fili yake, ana karanta shi ba wahala. Masu nazarin harshen Abzinawa suna buɗa shi har yau.